Zafin inji a bazara: bayani ga masu babura, adaidaita da injin ban-ruwa

Daga watan Maris har saukar ruwan fari, zafi a ƙasar Magarya da Dungas yakan haura digiri 40 a inuwa, ballantana a kan rairayi da tsakar rana. Mutum ya sha ruwa ya nemi gindin bishiya, dabba ma haka. Inji kuwa ba ya magana, sai dai a ji an ce ya buga. Mun shirya wannan bayani ne domin ƴan kabu-kabu da sauran masu babura, da masu adaidaita, da masu lambu a kwarin Korama, da duk mai ɗan janareta a gida. Haka kuma domin ƴan uwanmu da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya, tunda sau da yawa su ne suka aiko da kuɗin sayen waɗannan injuna, kuma su ake bugo wa waya in sun lalace.

Wajen sanyaya, injuna iri biyu ne. Akwai mai ruwa, kamar motocin da ke jigila tsakanin Magarya da Damagaram, masu lagireto a gaba, ko babban injin niƙa da ake zuba wa ruwa a tukunyarsa. Akwai kuma wanda ba ya shan ruwa sam, iska ce kaɗai ke kwashe masa zafi. Kusan duk baburan da ke yawo a ƙauyukanmu irin na biyun ne, Boxer ne ko Haojue ko Kasea ko TVS. Haka ƙananan injunan ban-ruwa masu aiki da fetur, da janaretocin gida, da mafi yawan adaidaita.

Dattawa sun san motoci ma masu irin wannan inji. Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ba ta da lagireto, fanka ce ke hura wa injinta iska a baya. An daina ƙera ta gaba ɗaya a 2003 a ƙasar Meziko. Citroën 2CV ta Faransa ma haka take, ita kuma a 1990 aka tsayar da ita. Motoci sun koma ruwa, amma babur da ƙaramin inji sun tsaya a kan iska, don ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma ba tiyon da zai fashe a daji. Sai dai yana da aibi guda babba: ba shi da allurar da za ta nuna maka ya yi zafi. Direban mota yana ganin allura ta hau ja ya tsaya. Mai babur kunnensa da hancinsa da ƙafarsa su ne allurarsa.

Inda zafin yake bi ya fita

Duk litar fetur da inji ya ƙona, abin da ke zama ƙarfin tafiya bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ragowar duk zafi ne. Wani ya bi salansa ya fita, wani kuma ya tsaya a jikin ƙarfe, dole sai an kwashe shi. Ku dubi silinda da kanta, za ku ga ƙarafa jere-jere kamar haƙarƙari. Ba ado ba ne. An yi su ne don iska ta sami wuri mai faɗi da za ta shafa ta ɗauke zafin. Injin mota mai ruwa yana aiki a wajen digiri 90, amma kan silindar babur yana wuce 150 a aikinsa na yau da kullum ba tare da wata matsala ba. Ke nan tun asali kusa da iyaka yake tafiya, in bazara ta zo kuma iskar da zai dogara da ita ɗin ma mai zafi ce.

Abin da ake kira bugawa ga yadda yake faruwa. Fistin da alminiyon aka yi shi, ramin da yake kai-komo a ciki kuma baƙin ƙarfe ne. In zafi ya taɓa su, alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Tsakaninsu ɗan siririn fili ne wanda baƙin mai ke cikewa. Zafi ya yi yawa, fistin ya kumbura, man ya tsinke kamar ruwa, sai ƙarfe ya kama ƙarfe. In a guje ake, tayar baya tana iya cijewa nan take, mutum da fasinjansa su sha ƙasa. Don haka maganar ba ta kuɗin gyara kaɗai ba ce.

Baƙin mai

A nan za mu daɗe, domin a ganinmu nan ne aka fi cutar injuna a yankinmu. A inji mai iska, baƙin mai aiki biyu yake yi: yana sa santsi, yana kuma ɗebo zafi daga ƙarƙashin fistin ya kai shi gindin inji ya huce. Kuma ba shi da yawa. Babur mai ƙarfin 100 zuwa 150 lita ɗaya yake ɗauka ko ƙasa da haka kaɗan. In kofin shayi biyu ko uku suka ragu, wanda ya saura shi zai ɗauki duk wahalar, ya fi saurin zafi, ya fi saurin ƙonewa, ya ƙara raguwa.

Duba mai ba ya cin minti ɗaya. Da safe kafin a tayar, a tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, ba a jingine a kan ƙafar gefe ba, a zaro ma'auni a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. In ya gaza a ƙara, amma kar a cika fiye da alama, shi ma illa ne. A murza ɗigo tsakanin yatsu. In aka ji tsaki-tsaki, ko ya tsinke, ko yana warin ƙuna ko warin fetur, lokacin juye ya yi, ko da jiya aka zuba shi.

Yaushe ake juye, wato bidanj? Kowane kamfani da tazarar da ya rubuta a littafinsa, amma littattafan nan da kansu sukan ce a rage tazarar in ana aiki cikin ƙura, mu kuwa ƙura ita ce gidanmu. Shawararmu ga mai aiki da babur kullum ita ce kar ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 a bazara. Mun san agogon kilomita na yawancin babura ya daɗe da mutuwa, to a yi lissafi da kwanaki. Ɗan kabu-kabun da ke cin kilomita 100 a wuni, cikin kwana 10 ya cika 1,000. Wato in kasuwar garinku ta ci sau biyu, ka nufi wurin makaniki. Wanda ke zuwa gona da masallacin Juma'a kawai yana iya kai wata biyu ko uku.

Sai irin man. Ga zafinmu, mai kauri irin wanda aka rubuta wa 20W-50 shi yawancin baburan nan suke so. In an samu mai alamar 4T da JASO MA a jikin galan ya fi, domin a babur mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci, kuma wasu mayukan mota na zamani suna da santsin da ke sa kuloci zamewa. Kuloci mai zamewa kuwa murhu ne a cikin inji. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba wanda zai iya rantse maka a kan asalinsa. Wani mai kyau ne aka ɗebo daga duro, wani kuma tsohon man mota ne aka bari ya kwanta aka tace. Araha ba ta ado. A sayi galan mai hatimi, a buɗe shi a gaban idonka, in ya ƙare a huda shi kafin a yar, don kar ya dawo kasuwa da wani abu a ciki.

Sabon babur, da wanda aka sauya wa fistin da ringi, a lallaɓa shi a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko: ba gudu, ba lodi, a kuma zubar da man farko da wuri saboda garin ƙarfen da ke cikinsa.

Iska da rairayi

Babur ba shi da fanka. Tafiyarsa ita ce fankarsa. A kan kwalta, a giya ta sama, inji yana juyi a hankali iska tana dukansa da ƙarfi, ba ya wahala. Matsalar tana cikin rairayi, kuma duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Dogo-Dogo, Malawa ko Ɗan Ciyau ya san abin da muke nufi: giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a murɗe, taya tana tono, babur yana tafiyar jaki. Inji yana haifar da zafi mafi yawa a daidai lokacin da iska ta fi ƙaranci. In iskar ma daga bayanka take busowa, to kusan babu abin da ke shafar silindar.

Dabarar ba boyayya ba ce. A rage wa taya iska kaɗan kafin shiga jigawa mai tsawo, a mayar in an hau tsandauri. A daina riƙe kuloci rabi-da-rabi. In wurin ya yi laushi ƙwarai, fasinja ya sauka ya taka ƴan taku, ba raini ba ne. Tafiya mai nisa kuma a yi sammako ko a bari sai bayan la'asar. In dole ce ta sa aka fita da azahar, a riƙa tsayawa bayan kowace doguwar jigawa, minti 10 ko 15, a kashe inji a inuwa. Barin babur yana silo a tasha ana jiran fasinja ko ana gaisawa, shi ma dafa inji ne a banza, ga asarar mai.

Akwai kuma abin da muke yi da hannunmu. Ana ɗaura leda ko fata ko tabarmar roba a jikin ƙarfen kare ƙafa don tare ƙura, ko a rataya jarka da buhu a gaban inji. Duk wannan toshe masa hanci ne. Haka in mai yana tsiyaya daga kan silinda, ƙura takan manne a kai ta zama wani baƙin ɓawo a tsakanin haƙarƙarin, kamar an lulluɓa wa injin bargo. Da damina laka ce ke yin wannan aikin. A toshe inda ke yoyo, a goge da buroshi da ɗan kananzir, a wanke da ruwa, amma sai inji ya huce sarai.

Fetur, kafireta da buji

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa ya daina zama abin arahar da aka saba, kowa kuma yana neman yadda lita za ta kai shi nesa. Nan ne wasu ke zuwa wurin makaniki su ce a matse musu kafireta. Gaskiya ne shan mai yana raguwa kaɗan. Amma fetur ɗin da ke shiga silinda shi ma yana sanyaya ta, kuma in iska ta rinjayi mai, bawul da kan fistin su ke ɗaukar zafin. Abin da aka tara a wata uku bai kai kuɗin fistin da bawul da aikin makaniki ba. Cire soson matatar iska, ko barin sa a yage, ko fasa cikin salansa don a ji ƙara, duk suna kai wa ga wannan matsala. Na soson ma ya fi muni, don rairayi yake shigarwa kai tsaye. A wanke soso kowane mako, a matse shi, a shafa masa ɗan mai kaɗan in irin mai shan mai ne. Na takarda kuwa kakkaɓewa ake yi ko a sauya.

Buji, wanda ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira fulogi, shi ne mai ba da shaida. A kwance shi bayan tafiya mai ɗan nisa, in inji ya huce. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar gyaɗa soyayya, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa. In fari ne fat kamar alli, to injin yana ƙuna a ciki, a koma a gyara kafireta tun bai huda fistin ba. A kuma sa buji mai lambar da kamfani ya ce, ba duk wanda ya shiga ramin ba.

Fetur da aka gauraya da kananzir yana sa inji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa ko da lodi. Duk wanda ya ji wannan ƙara ya sassauta totur, ya sauko da giya, ya kuma sauya wurin sayen mai. Bawul ma a riƙa sa makaniki yana auna shi, inji na sanyi. Bawul mai ɗan ƙara kaf-kaf ya fi wanda aka ɗaure ya yi shiru, domin wanda aka matse ba ya zama daram a mazauninsa ya sauke zafi, ƙonewa yake yi.

Maganar lodi ba sai mun ja ta ba. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari kowa yana ganin babur ɗauke da mutum uku da rago, ko buhunan hatsi har direba yana zaune a kan tanki. Ba za mu ce a daina ba, mun san halin da ake ciki. Amma mai irin wannan lodi ya san mansa zai riga na kowa mutuwa. A duba sarƙa kar ta yi tsauri ko ta bushe, a juya taya da hannu a ga ko birki yana kamawa, don su ma lodi ne da ba a gani.

In ya riga ya yi zafi

Alamunsa: ƙarfi ya ragu kamar ana riƙe babur ta baya, zafi yana dukan ƙwauri fiye da yadda aka saba, warin mai mai ƙuna, giya ta yi tauri, ga ƙarar tsakuwar nan. In aka ji haka, a kama kuloci, a sauka gefe, a kashe. A juya injin ya fuskanci iska, a ba shi kamar rabin awa. Sannan a duba mai kafin a sake tayarwa.

Kar a kwara masa ruwa. Mun san al'ada ce, ana fasa ledar ruwa a kan silinda ana jin daɗin tururin da ke tashi. Abin da ke faruwa shi ne waje ya tsuke farat ɗaya, ciki yana nan a kumbure. Kan silinda yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, silindar kuma ta ƙara matse fistin ɗin da ake son ceta. Ba lallai a ga illar ran nan ba. Bayan makonni sai a ga mai yana tsiyaya, ko babur ya fara hayaƙi, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. In kuwa an taka kik ya ƙi motsi, kar a tilasta, kar a tura shi a giya. A nemi amalanke ko mota a kai shi gareji, wataƙila a tsira da sauya fistin da ringi kawai.

Injin ban-ruwa da janareta

Su waɗannan a tsaye suke aiki, don haka an sa musu fanka a bayan inda ake jan igiya, da murfin ƙarfe da ke bi da iskar ta kan silinda. Wannan murfi rabin ran injin ne. Wasu in igiya ta tsinke ko kusoshi suka ɓace, sai su cire shi su ajiye, suna ganin inji zai fi shan iska a tsirara. Akasin haka ne: fanka tana watsa iskar a banza, silinda ba ta samun komai.

A lambunan Washa, Gushi da Bande, inda ake noman rake da kayan miya, akan haƙa rami kusa da rijiya a saukar da inji don ya iya jawo ruwa, tunda irin wannan famfo ba ya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. To ramin ya zama mai faɗi, bakin salansa ya kalli waje, in ba haka ba injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. A yi masa rumfa daga sama, kar a rufa masa buhu. Ya kuma zauna daidai. Mansa bai fi kashi 6 cikin 10 na lita ba a irin su GX160 da masu kwaikwayonsa, kuma wani ɗan cokali ne a ciki ke fantsama shi. In inji ya karkace sosai, cokalin ba ya taɓa man. Akwai wata ƴar waya da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa. Mutane suna cire ta wai tana damun su. Ita ce kaɗai mai gadin da injin yake da shi, a bar ta.

Ƙa'idar waɗannan injuna da awa ake lissafa ta: juyen farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100. Mai ba da ruwa awa 6 kullum, kwana 16 ko 17 ke nan. Kafin a fara aikin rani, a buɗe murfi a duba, don zanzaro yakan yi gini a tsakanin haƙarƙarin, ɓera ma yakan tara tsumma da ƙaiƙayi. Waɗanda suka mayar da injinsu kan tukunyar gas su riƙa auna bawul akai-akai, domin gas ba ya sanyaya shi kamar fetur. Ƙaramin janareta mai shan fetur gauraye da mai kuwa, man 2T ake sa masa bisa awon da ke rubuce a jikinsa. In an rubuta 50:1, to mililita 20 ne a lita guda. A auna, kar a yi da ka.

Abu ɗaya da ya fi inji muhimmanci: hayaƙinsa yana kisa, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari ba ta da launi. Kar a shiga rami mai zurfi ko rijiya inji yana aiki a ciki, kar kuma a kwana da janareta a ɗaki ko a zaure rufe, ko da tsoron ɓarayi ne.

Adaidaita injinta a baya yake cikin akwati, ita ma da fanka da murfi take rayuwa, saboda haka duk abin da muka faɗa a kan injin ban-ruwa ya hau kanta. A bar ramukan iskar ƙofar baya a buɗe, kar a rufe su da kwali ko hoto. Wanda kuma har yanzu yake riƙe da tsohuwar Volkswagen, belin fanka shi ne abin dubawa kullum. In jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take, don mai yiwuwa belin ne ya tsinke, fanka ta daina juyi.

Ga ƴan uwa da ke waje

Babur ɗin da kuka saya wa gida ba na yawo ba ne kawai. Shi ne ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare, shi ne ke kai yaro mai zazzaɓi asibitin Magarya da damina. In za ku aiko da kuɗinsa, ku ware na mai daban, ku faɗi sunan wanda zai riƙe. In kuna aiko da kaya ta hannun masu zuwa gida, katan ɗin baƙin mai na kirki, da buji biyu ko uku masu lambar da ta dace, da soson iska, sun fi fitilun ado amfani. Idan kun bugo waya kuna tambayar lafiyar gida da ta dabbobi, ku haɗa da tambayar ranar da aka yi juye na ƙarshe. Yaron da ke tuƙin ya rubuta ranar da alli a bangon zaure, ko ya ɗauki hoton galan ɗin ya turo muku ta WhatsApp.